Tiyon Mushe Harisu

Masu karatu, wanda yake cin abinci ya ajiye kafin ya fara wannan kashi. Abin da na gani zan faɗa, kuma ba zan yi masa ado ba.

Ga wanda bai san ni ba: sunana Jamilatu, shekaruna ashirin da uku, ba ni da miji. Ina 'yar shekara tara Nasara suka ce kowace unguwa a Matamaye ta ba da yaro ɗaya lakwal, wato makarantar boko. Unguwarmu ta ba da ni, don kada a rasa namiji a gona. Na yi Damagaram, daga can aka tura ni Dakar koyon aikin ungozoma. Wata biyar ke nan da dawowata. Hausata ta ɗan karkace, kuma mata suna leƙowa ta danga su ga yadda nake wanke hannu.

Inda nake aiki ɗaki biyu ne na ƙasa a bakin kasuwa. Ɗaya nawa, na mata. Ɗaya na Harisu, anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, mai duba maza. Lokotoro, wato likita Bature, yana zuwa daga Damagaram sau ɗaya a wata biyu, ya duba littafi, ya sha ruwan da ya zo da shi, ya koma.

Mutanen gari suna ce masa Mushe Harisu, yadda ake ce wa duk wanda ya iya Faransanci. Ni ma haka nake kiransa. Shi yana jin girmamawa, ni kuwa na san ma'anar da nake nufi.

Shi ne mai nemana.

Ba mummuna ba ne, kada in yi masa ƙarya. Dogo ne, baƙi, da wushirya. Wurin aiki gajeren wando na kaki da farar riga da jar dara. In zai zo zance ya sa riga shuɗiya mai aska biyu, ya zuba turare har kaji su bar zaure. Yana da keke. Yana da haƙuri da tsofaffi. Da ban shiga ɗakinsa ranar Talatar nan ba, wataƙila da yanzu wani labari nake ba ku.

Aron auduga na shiga, da hantsi. Akwai wani tsoho kwance bayan labulen tabarma, Malam Inusa daga Tsauni, fitsarinsa ya toshe kwana biyu. Ban ga tsohon ba, nishinsa kawai nake ji. Harisu na gani.

Ya miƙa hannu ya ciro tiyon fitsari daga ƙusar da ke jikin bango. Jar roba ce siririya, tsawonta kamu ɗaya. Ƙudaje uku suka tashi daga kanta. Ya ɗauki buta ya zuba mata ruwa sau uku. Sannan ya sa bakin tiyon a bakinsa ya hura, don ya tabbatar ba a toshe yake ba. Ɗigo ya fito ta ɗaya gefen, ja-ja, launin goron da yake taunawa. Ya motsa leɓe ya yi addu'a, ya tofa a kai sau uku. Ya tsoma yatsa a ƙoƙon man shanu, wanda na sha ganin yana ɗiba ya sa a tuwonsa, ya shafe tiyon tun daga sama har ƙasa.

Na ce, "Ba ka dafa ba."

"Ina kwana, Madmazel."

"Lafiya. Ba ka dafa ba."

"Nama ne?"

Tsohon da ke bayan labule, duk da azabar da yake ciki, sai da ya yi dariya.

Harisu ya ce, "Na yi masa tsarki sau uku, kin gani da idonki. Ruwan nan launinsa bai sauya ba, ɗanɗanonsa bai sauya ba, warinsa bai sauya ba. Da shi nake alwala in tsaya gaban Ubangijina. Tiyo ya fi salla ne?"

Ni ma musulma ce, da ruwan nan nake alwala. Amma a Dakar an ɗiga mini ruwa garai-garai a ƙarƙashin madubin likita, na sa ido, na ga abubuwa masu rai suna iyo kamar 'ya'yan kwaɗi a kududdufi. Tsarki daban, tsabta daban. A Hausa kalmomin nan biyu sun yi kusa da juna har mutum yakan ɗauki ɗaya ya zaci ya riƙe duka. Ta ina zan fara wannan bayani a gaban tsohon da mararsa ta kusa fashewa?

Da ya gama ya fito yana goge hannu a rigarsa, na tare shi.

Ya rage murya. "Tiyo ɗaya gare ni, Jamila. Na farkon na dafa shi, yadda aka koya mini. Sau shida, ya yi laushi kamar taliya ya tsage. Wata bakwai ina jira kafin a aiko wannan. A cikin watannin nan mutum biyu sun mutu a gabana, cikinsu kamar ganga, ina tsaye hannu biyu. Ke a Dakar in ɗaya ya tsage sai a buɗe akwati."

Wannan gaskiya ce, kuma ta ba ni haushi fiye da ƙarya.

To amma ni ma ina da tawa. Tun dawowata, mutum biyu na san an sa musu tiyon nan: Ummaru maɗinki da Ɗan'azumi majemi. Kowannensu ya samu sauƙi nan take, ya sa wa Harisu albarka, ya tafi gida da ƙafarsa. Washegari ko jibi sai rawar ɗari, irin wadda gado yake kaɗawa. A ba shi kinin, a ce zazzaɓin damina ne. Kwana huɗu, kwana biyar, a ɗauki makara. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Ana ma cewa hannun Mushe Harisu da albarka, don yana tofa addu'a kafin ya taɓa mutum.

Malam Inusa ya cika ranar Lahadi. Ya zama na uku.

Ranar Litinin na tarar da takarda a ƙarƙashin kwanon almakashina. Haka Harisu yake yi, a bayan takardar magani, da Faransancinsa mai ɗingishi. Ga abin da ta ce: "Madmazel, zuciyata ba lafiya. Na ba ta kinin bai yi ba. Lokotoro ɗaya ne zai iya, yana ɗakin da ke kusa da nawa." A kusurwar takardar akwai shatin babban yatsa, na maiƙo. Na ɗaga ta da almakashi na sa a murhu. Na wanke almakashin.

A gida kuma ga Gwaggo A'i, ƙanwar Baba, wadda ta ɗauki maganar auren nan kamar noman gonarta. Ni 'yar fari ce, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, Baba kuwa ko dubana ba ya yi. In yana da magana sai ya fuskanci bango ya ce, "A gaya wa waccan." Duk abin da suke jin kunyar faɗa mini, Gwaggo ce bakinsu.

Ta same ni ina guga farar rigata ta aiki. Ta zauna a kan turmi, ta gyara zanenta na saƙi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kullum fari kamar mai takaba. Ina zanen da na ba ki?"

"Yana cikin adaka, Gwaggo."

"Ƙafa ba lalle, ido ba kwalli. Sa'o'inki suna goyon na huɗu. Ke kina karɓar na mutane."

"Aikina ke nan."

"Yaron nan ya sake aiko goro. Me ya rasa?"

"Tukunya."

"Me?"

"Ba komai."

"Ki bar yi mini Nasaranci. Wa kike jira? Wa zai ɗauki mace da ta shekara goma sha huɗu tana cin abinci da cokali, in ba wanda shi ma ya san cokalin ba? Ubanki ne ya ɗaure mana hannu. Ya ce Nasara sun ɗauke ki ba da yardarki ba, shi ba zai ƙara ba, sai kin buɗe baki kin ce kin yarda. To buɗe mana. Baki ne, ba ƙofar birni ba."

Wannan kalmar ita kaɗai na mallaka a gidan nan. Adakar ta Inna ce, gadon na kakata ne, aikin na Nasara ne. Na riƙe ta gam.

Ranar Laraba aka zo da jaki daga Kurni, wata mata naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Na tafi. Kafin in fita na ga Baba bai zauna a zaure ba kamar yadda ya saba, buhunan gyaɗarsa ba kowa a kansu. Na tambayi Inna. Ta ce wa tukunyar da ke gabanta, "Ciwon baya ne." Na bar man zafi na tafi.

Kwana uku na yi a Kurni. Uwar ta rayu, ɗan bai rayu ba. Asabar, rana ta kusa tsaka, na sauka a ƙofar gidanmu, na ga keken Harisu jingine da bango.

Na zaci zance ya zo da rana tsaka, na shirya abin da zan gaya masa. Sai na same shi a tsakar gida, cikin farar riga, da akwatin gwangwaninsa a hannu. Inna tana tsaye bakin madafa. Gwaggo tana riƙe da buta. Daga ɗakin Baba kuma wani nishi yake fitowa, irin wanda na ji a bayan labulen tabarma.

Ban gaida kowa ba. Na ce, "Buɗe akwatin."

Ya buɗe. Yana nan a naɗe, ja, kusa da ƙoƙon man shanu.

"Ba ni."

"Madmazel, Baba yana jin jiki. Tun asuba ko ɗigo."

"Ba ni in dafa."

"In ya tsage fa? Damagaram kwana biyu ce a kan doki. Ba zai kai ba."

"To ni zan sa masa. Na iya."

Inna ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye a gaban baƙo ba. Ranar ta yi. Ta ce, "Ki ɗaga labulen nan ki ga tsiraicin ubanki, ki nemi wata uwar."

Daga ciki muryar Baba ta fito, a shaƙe. "A gaya wa waccan, in ta shigo, gara a bar ni in mutu."

Na karɓi haihuwa ta fi ɗari biyu. Na sa hannuna inda ba a faɗa. Amma tsakanina da gadon Baba taku biyar ne, kuma na san ba zan yi su ba. Ko na yi, shi ba zai kwanta mini ba.

Na koma Faransanci, don su Inna kada su ji. Na ce wa Harisu, "Ummaru. Ɗan'azumi. Malam Inusa. Zan gaya wa lokotoro."

Ya amsa da Hausa, kowa ya ji. "Gaya masa. Sai nan da sati biyar zai zo. Ajali ne ya ɗauke su, ba ni ba. Mutum nawa na sa wa suna nan suna noma?"

"Me kake so in ba ka?"

Ya ɓata fuska. "Ba na ciniki da ciwon mutum. Ko kina sona ko ba kya sona zan sa masa, yadda na iya. Gwaggo, miƙo butar."

Gwaggo ba ta miƙa ba. Ta dube shi, ta dube ni. Ba ta san mene ne ƙwayar cuta ba, amma ciniki ko a duhu tana gane shi.

Ta ce, "Namiji ba ya bin umarnin 'yar mutane a gaban jama'a, ai sai a raina shi. Amma wadda zai aura, in ta roƙi abu a gidan ubanta, wannan kuma alfarma ce. Ko ba haka ba, Mushe?"

Harisu ya sunkuyar da kai. Na ga gefen bakinsa yana motsi.

Baba ya sake nishi, mai tsawo, ya ƙare da salati.

Kada ku zaci na yi dogon tunani. Na dubi ƙoƙon man shanun, akwai ƙuda a mace a ciki. Na ce, "Na yarda."

Gwaggo ta ce, "Da me? Ɗaga murya, ubanki ya ji."

"Na yarda da auren Harisu."

Ya miƙo mini tiyon da hannu biyu. Na karɓa da almakashi.

Inna ta ce ba a tukunyarta ba. Ban ma nema ba, ina da kwanon ƙarfena da nake dafa kayan aiki. Na ɗora shi a murhu, na ƙara kara, na cire agogon da ke maƙale a ƙirjina na riƙe. Ruwa ya tafasa. Maiƙo ya taso ya yi ido-ido a sama. Can sai wani abu ya fara fitowa daga cikin tiyon, siriri, launin ƙasa, kamar tsutsa, ya narke ya ɓata ruwan. Wari ya tashi. Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Wannan duk a ciki yake?" Na zubar, na sake sabon ruwa, na sake dafawa, minti goma cif.

Harisu yana tsaye a kaina yana cewa, "Ya isa. Jamila, ya isa, zai tsage."

Bai tsage ba.

Na tafasa man gyaɗa a ludayin ƙarfe na bar shi ya huce. Na sa Harisu ya tsuguna, na ba shi sabulu da burushi, na tsaya a kansa har ya wanke zuwa gwiwar hannu, ya kankare ƙarƙashin farce. Abin da ya fita daga farcen nan ba zan rubuta ba. Sannan na ciro sabon ƙyalle daga jakata na ɗaure masa baki da hanci, na ƙulla a ƙeya.

Ta cikin ƙyallen ya ce, "Hurawar fa?"

"Na zuba ruwa ya wuce. A buɗe yake."

"Addu'ar fa?"

"Yi ta a zuci. Allah yana ji."

Gwaggo ta ce, "Ka ga tun yanzu an ɗaure maka baki." Ita kaɗai ta yi dariya.

Ya shiga da kwanon, Gwaggo ta ɗaga masa labule don kada ya taɓa. Muka tsaya. Akuya tana cin ƙaiƙayi a gindin rumbu. Na ji Baba ya ja numfashi ta haƙori, na ji Harisu yana cewa sannu Baba, saura kaɗan. Sai ƙarar ruwa a tasa, da ƙarfi, ta daɗe ba ta tsaya ba.

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi."

Inna ta zauna a ƙasa inda take. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ban san ta wanne ce a cikin biyun ba, sauƙin Baba ko aurena. Ni kuwa na ce a raina, to, Jamilatu, kin sayar, amma kin sayi abu. Na dubi hannuwana. Na yi tunanin bakin da zan zauna da shi har ƙarshen raina, da abin da ya sha shiga cikinsa.

Harisu ya fito da tasar a rufe da faifai, zai wuce bayan gida. Na ce, "Tsaya. Buɗe."

"Haba Madmazel, na Baba ne."

Na ɗage faifan da kaina.

Fitsarin da ya toshe yau da asuba ya kamata ya zama ja ko rawaya mai duhu, amma garai. Wannan fari-fari ne, kamar ruwan da aka wanke gero, da zare-zaren ruɓa suna yawo, da ɗan jini a gindi. Warinsa na ruɓaɓɓen kifi. Wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Wani abu ya riga ya shiga ya zauna ya hayayyafa.

Na ce, "Yau ne na farko?"

Harisu ya kau da kai.

"Inna, yau ne na farko?"

Ta dubi murhu. "Ran da kika tafi ya sa masa, da la'asar. Da jiya."

"Da man shanun?"

"Da addu'a dai. Ya ji daɗi kuwa."

"Kurni ba nisa. Me ya sa ba a aika mini ba?"

Gwaggo ta riƙe haɓa. "A aika a ce miki me? A ce wa 'ya fitsarin ubanta ya toshe? Wa zai ɗauki wannan saƙon a bakinsa?"

Na juya wajen Harisu. Ƙyallena yana rataye a wuyansa. Yana tsaye a nan lokacin da na ce na yarda, ya san sau biyu ya riga ya sa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na ce, "Ka sani."

Ya ce, "Ba ki tambaya ba."

Ban mare shi ba. In zan mare shi sai na taɓa fuskarsa, kuma yanzu na wanke hannu.

Gwaggo ta riga ta ɗauki ƙwaryar goro ta yafa mayafi. Ina jin ta a ƙofar gida tana kiran matar maƙwabcinmu, tana cewa 'yar Dakar ta sauko, a zo a taya su murna.

Rana tana tsakiyar kai, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. A ɗakin Baba gadon kara ya fara ƙara, kaɗan-kaɗan, sannan da ƙarfi, kamar ana kaɗa shi da hannu. Muryarsa ta fito, haƙora suna haɗuwa.

"A miƙo mini bargo. Biyu."